Ku Tambayi Likita: Me Ya Sa Aka Hana Inna Ruwa Bayan Tiyatar Ƙwaƙwalwa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita, barka da aiki. Ni malamar firamare ce a Argungu. Innarmu ta daɗe tana fama da ciwon kai, daga baya hannunta na dama ya fara sanyi, ta kuma soma farfaɗiya. Da aka ɗauki hoton kai sai aka ce ƙari ne, ya tsiro daga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. An yi aiki an cire, alhamdu lillahi yanzu tana gida tana samun sauƙi. Amma akwai gardamar da ta ƙi mutuwa a gidanmu. Daren da aka fito da ita leɓɓanta sun bushe har sun tsage, ma'aikatan jinya suka hana mu ba ta ko kurɓi ɗaya. Kawunmu ya sayo ruwan gulukos na leda don ta samu ƙarfi, suka ce a mayar. Sun kuma sa mata wani ruwa da ya sa ta yi ta zuba fitsari, kowace awa sai an auna an rubuta. A kwana na biyu idonta na hagu ya kumbura suntum, ta yi ta barci, har aka koma da ita ɗaukar hoto. Kawu ya ce ruwan da suka ɗura mata ne ya yi yawa. Goggonmu ta ce a'a, ƙishirwa ce suka bar ta da ita. Don Allah wa ke da gaskiya?

Daga mai karatunki a Argungu, Jihar Kebbi.

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanwata. A gaishe min da Inna da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Tambayarki ta faɗo gidana, domin aikina ke nan: ni likitar sa barci ce. Likitan tiyata yana can bakin kai da wuƙarsa, ni kuma ina gefe da ledojin ruwa da na jini da na'urar numfashi, kuma duk ɗigon da zai shiga jijiyar mara lafiya sai na lissafa shi. Kawu da Goggo kowa ya kama wani gefe na gaskiya, amma dukansu a kan yawan ruwa suke ja. A aikin ƙwaƙwalwa irin ruwan ya fi yawansa muhimmanci.

Mu a nan mun ɗauki ƙarin ruwa a matsayin maganin kasala. Mutum ya ji jiki ya mutu, ya je kemis a rataya masa leda biyu, ya taso yana cewa ya ji garau. Ga mai amai da gudawa kam, ruwan nan shi ne rai. Hannu ko ƙafa ko ciki, in ruwa ya yi musu yawa sai su kumbura, fata ta miƙe, ƙoda ta fitar da rarar a hankali, ba a yi asarar komai ba. Kai ne kawai ba shi da wannan sararin. Ƙoƙon kan baligi ƙashi ne rufaffe, ba ya miƙewa. A cikinsa ƙwaƙwalwa ta cinye kusan kashi 80 cikin 100 na wurin, jini kusan kashi 10, sauran kuma wani ruwa ne garai-garai da ƙwaƙwalwar ke kwance a ciki. Wani likita a Sukotlan, Alexander Monro, ya bayyana haka tun 1783, George Kellie ya ƙarfafa maganar a 1824: in ɗaya daga cikin ukun nan ya ƙaru, dole wani ya matsa. Da farko ruwan ne ke zurarewa zuwa gadon baya, jinin jijiyoyin da ke komawa zuciya ya ragu. Idan wannan ɗan rangwamen ya ƙare, ƙari kaɗan sai matsi ya yi tashin gwauron zabo, jini ya kasa shiga, ƙwaƙwalwa ta soma tura kanta ƙasa inda cibiyar numfashi take. Ƙarin da ya daɗe a kan Inna ya riga ya cinye wannan rangwamen tun kafin ta shiga ɗakin tiyata, ga kuma kumburin da ƙarin ke haifarwa a naman da ke kewaye da shi.

To, me ke sa ruwa ya shiga ƙwaƙwalwa ko ya fita? Ki ɗauki albasar Aliero ki yanka, ki barbaɗa mata gishiri ki ajiye. Kafin ki gama jajjage za ki ga ta yi laushi, ruwa ya taru a ƙasan kwano. Ki jiƙa wata a ruwan randa zalla, za ki ga ta ƙara cika ta yi ƙwari. Ruwa gefen da gishiri ya fi yawa yake bi. Ƙananan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa suna da bango mai matsatsi fiye da na ko'ina a jiki: ruwa yana ratsa shi, gishiri kuwa ba ya wucewa da sauƙi. Saboda haka in jini ya tsinke, gishirinsa ya yi ƙasa, ruwa sai ya tsallaka cikin ƙwaƙwalwa. In gishirin jini ya ɗan ɗara, ruwa ya fito. Wasu masu bincike biyu a Amurka, Lewis Weed da Paul McKibben, sun nuna haka da ido a 1919: suka ɗura wa kyanwoyi ruwan gishiri mai kauri, ƙwaƙwalwa ta motse, suka ɗura ruwa zalla, ta kumbura. Duk abin da muke yi yau a kan wannan ya tsaya.

Nan ne ledar Kawu ta faɗi jarrabawa. Ruwan gulukos na kashi 5 cikin 100 sukari ne da ruwa, babu gishiri ko kaɗan. Da ya shiga jini, jiki zai ƙone sukarin cikin ɗan lokaci, abin da ya rage ruwa ne zalla, irin wanda ke kumbura albasa. Ƙarfin da ake nema kuma babu shi a ciki: leda mai mililita 500 giram 25 na sukari ke gare ta, kusan cokalin shayi shida. Bayan haka, sukari mai yawa a jini yana ƙara wa ƙwaƙwalwar da ta ji rauni illa. Akwai inda muke ba da shi, kamar wanda sukarinsa ya faɗi, ko jariri, ko mai ciwon suga da ke kan insulin, amma sai an auna an ga dalili. Ma'aikaciyar jinyar da ta mayar wa Kawu da ledarsa ta yi aikinta ne.

Abin da aka fi ratayawa shi ne nomal salin, ruwan gishiri na kashi 0.9 cikin 100. Sodiyam ɗinsa, wato sinadarin gishirin da ake aunawa a jini, 154 ne a kowace lita, na jinin mai lafiya kuwa tsakanin 135 da 145, kin ga ba ya tsinka jini. Shi ma yana da nasa halin: in aka zuba lita da yawa, kuloraid ɗinsa, wato ɗaya sinadarin da ke cikin gishiri, yana sa jini ya yi tsami. Akwai ruwan Ringa, wanda ya fi kama da ruwan jiki ta wasu fuskoki, sai dai sodiyam ɗinsa kusan 130 ne, ya ɗan gaza. Leda ɗaya ko biyu ba ta da laifi, amma ba na sakin sa barkatai a kan mai ƙari a kai. Ni nakan gwama su ne, ina duba sakamakon jini a tsakiyar aiki.

Maganar Goggo ba ta banza ba ce, don a da haka ake yi da gangan. Likitocin zamanin baya sun ɗauka in aka busar da mara lafiya, ƙwaƙwalwa ba za ta samu abin kumbura da shi ba. Daga baya aka gane hasarar ta fi ribar. Ƙwaƙwalwa kusan kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 na iskar oksijin da mutum ke amfani da ita, kuma ba ta da rumbun ajiya. In ruwan jiki ya yi ƙasa, ƙarfin bugun jini ya faɗi, jinin da zai kutsa cikin kan da ke da matsi ya ragu, naman da bai samu jini ba ya mutu, wanda ya mutu kuma kumbura yake yi. Gaba kura baya sayaki. Abin da ake nema yanzu shi ne jijiyoyi su kasance cike daidai wa daida, gishirin jini kuma kada ya sauka. A yankinmu ma sau da yawa sai na fara biyan bashi kafin in sa mutum barci. Wanda aka ɗauko daga Yawuri ko Zuru a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ya yi makonni yana amai saboda matsin kai, ga azumin daren tiyata, a bushe yake isowa. In aka sa masa maganin barci a haka, bugun jininsa zai rufta.

Ruwan da ya sa Inna zuba fitsari kuwa, bisa yadda kika kwatanta, manitol ne. An fara amfani da shi a wannan aiki tun farkon shekarun 1960. Bari in kai ki ɗakin ki gani. An aske kai, an ɗaure shi da ƙarfe don kada ya motsa, an ɗan ɗaga shi sama. Likitan tiyata ya yanke ƙashi ya ɗaga, ya ɗora yatsa a kan farar fatar da ke ƙasa. In ya ji ta ɗaure tamau, ba zai tsaga ba, don ƙwaƙwalwa za ta bulbulo ta bakin yankan. Shi ya sa tun yana yanka fatar kai nake ɗaga kwalbar manitol in haska ta a fitila. A sanyin ɗakin tiyata ko lokacin hunturu yakan daskare ya yi ƙyalli kamar ɓaraguzan gilashi, sai an ɗumama ya narke. Ga mace mai kilo 60, rabin giram a kowane kilo ya kama giram 30, wato mililita 150 na mai kashi 20 cikin 100. In sake shi ya shiga cikin kamar minti 20. Ba a jima ba za ki ga fatar nan ta saki, ta ɗan yi tamoji, tana motsi a hankali tare da bugun zuciya. A daidai lokacin kuma, ƙarƙashin gado, robar fitsari ta fara cika da fitsari fari tas. Ruwan da aka jawo daga ƙwaƙwalwa ne da sauran jiki yake fita. In na tsaya kallo ban mayar da gurbin wani kaso nasa da ruwan gishiri ba, na koma gidan jiya, na busar da ita. Wani lokaci maimakon manitol mukan sa ruwan gishiri mai kauri na kashi 3 cikin 100, wanda ke yin aikin ba tare da kwashe ruwan jiki haka ba.

Irin ƙarin Inna, wanda ake kira meninjiyoma, ya fi kama mata, kuma galibi ba kansa ba ne, amma akwai shi da zubar da jini. Abin da ya zuba in ya yi yawa, da jini ake mayar da shi, don ruwa ba ya ɗaukar oksijin. Shi ya sa ake tara 'yan'uwa su ba da jini tun kafin ranar aiki.

Yanzu kin ga dalilin rubutun kowace awa. Takardar nan da ke rataye a ƙafar gado tana da gefen abin da ya shiga da gefen abin da ya fita. Muna so baligi ya fitar da aƙalla rabin mililita a kowane kilo a awa ɗaya. In ya gaza, ko ya wuce kima ba tare da an ba shi manitol ba, akwai magana. Abu biyu ke ɓata mana lissafi a ɗakin jinya, kuma duka da kyakkyawar niyya ake yin su: mai jinya ta ga roba ta cika ta kwance ta zubar don tsafta, ko ɗan'uwa ya ga ruwa na ɗiga a hankali ya murɗa ya ƙara masa gudu. Daga nan duk abin da likita zai yanke da safe a kan lissafin ƙarya ya yanke shi.

Sai kumburin ido. Wannan ba ƙwaƙwalwa ba ce. Fatar kai da aka yanka aka ɗaga takan tara ruwa da ɗan jini, su gangaro su taru a fatar ido saboda laushinta. Yakan kai ƙarshe a kwana na biyu ko na uku, ya saɓe da kansa. Abin tsoro ne a ido, amma ba shi ke hana ni barci ba. Barcin da Inna ta yi ta yi shi ne abin dubawa, kuma komawa da ita hoto daidai ne. Kumburin ƙwaƙwalwa bayan tiyata shi ma a tsakanin kwana na biyu da na uku yake tsananta, ko da an auna kowane ɗigo, domin wurin da ƙari ya danne da wurin da aka taɓa bangon jijiyoyinsu ya riga ya yi rauni, ruwa na tsiyaya. Lissafin ruwa rage shi yake yi, ba ya hana shi ɗungurungum. Barcin kuma yana iya zuwa daga jinin da ya taru, ko sodiyam da ya faɗi, ko farfaɗiyar da ba ta fito fili ba, ko maganin farfaɗiyar kansa. Da hoto da gwajin jini ake rarrabewa.

Akwai maganin da na tabbata kin gani a cikin takardun sallama: deksametazon, deksa ɗin nan da 'yan mata ke sha don su yi ƙiba. Tun 1961, da Joseph Galicich da abokan aikinsa a Jami'ar Minnesota suka ba da rahoton amfaninsa, ya zama ginshiƙin rage kumburin da ke kewaye da ƙari. Yana toshe tsiyayar jijiyoyin ne. Amma yana tayar da sukari, yana taɓa ciki, kuma wanda ya ɗan daɗe a kansa ba a yanke masa rana ɗaya, a hankali ake saukowa. Kada kuma wani ya karanta wannan ya ce zai ba ɗan acaɓan da ya fasa kai. Wani babban gwaji da aka buga a 2004, mai mutum sama da 10,000 a ƙasashe 49, ya nuna magungunan wannan dangi suna ƙara mace-mace ga masu raunin kai na haɗari. Kumburin ƙari daban, na bugu daban.

Hana ta sha a daren farko kuma ba don tsoron kurɓi ɗaya zai kumbura kai ba ne. Wanda bai gama wartsakewa ba maƙogwaronsa ba ya rufe hanyar iska da kyau, ruwa ya sarƙe shi ya faɗa huhu. Amai da tari da yunƙuri duk suna tayar da matsin kai a lokacin da jijiyoyin da aka ƙona don tsayar da jini ba su gama kamewa ba. Kuma daren farko shi ne wanda aka fi komawa ɗakin tiyata da gaggawa, ana so ciki ya kasance wayam. Bushewar leɓe ba ta nufin jiki ya bushe. Robar numfashi da iskar oksijin da wasu allurai duk suna busar da baki. Auduga mai tsafta da aka jiƙa ta isa a goga mata. Na san ana zuwa da zamzam da rubutu a ɓoye cikin jaka, kuma ban taɓa ce wa kowa ya mayar ba. Roƙona a shafa a hannu da ƙirji, nesa da ɗinki, a ajiye na sha har sai ma'aikaciyar jinya ta gwada haɗiya ta ce bismillah. In an ba da, a faɗa a rubuta.

Yanzu da Inna ke gida, ta ci ta sha yadda ta saba, fura da kunu da miya da gishirinta daidai, sai in likitanta ya ce wani abu daban. Maganin farfaɗiya kada ya yanke ko na kwana ɗaya. In kuka ga ciwon kai na ƙaruwa, ko amai, ko barcin da tashinta ke wuya, ko ruɗewa, ko ruwa na fita daga ɗinki, asibitin da aka yi aikin za ku nufa. Kada a tsaya kemis a rataya mata leda.

TAMBAYA

Likita, ina gaisuwa. An ce yayana yana da ƙari a wani ɗan ƙullutu da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, shi ke rage masa gani, kuma ta hanci za a cire. Wani da muka haɗu a layin ganin likita ya ce ɗan'uwansa bayan irin wannan aiki ya riƙa cika bokiti da fitsari. Shin haka ne, kuma hana shi ruwa za mu yi?

Daga wani ɗan kasuwa a Jega.

AMSA

Malam, ina amsawa. Mutumin bai yi maka ƙarya ba. Ƙullutun nan, fituwitari, bai kai giram ɗaya ba, amma ta bayansa ake sakin sinadarin da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa. In aka taɓa wurin, sinadarin yakan ɗauke na ɗan lokaci, yawanci a kwana ɗaya ko biyun farko. Sai fitsari ya ɓalle, fari kamar ruwan famfo, fiye da lita 3 a yini, ga ƙishirwa mai tsanani. Ba ciwon suga ba ne. A wannan hali hana shi ruwa haɗari ne, don gishirin jininsa hawa zai yi. In yana cikin hayyacinsa a ajiye masa ruwa kusa, ya sha gwargwadon ƙishirwarsa, a rubuta. In abin ya fi ƙarfin sha, akwai maganin desmofuresin da ke maye gurbin sinadarin. Ga mafi yawan mutane yakan wuce cikin kwanaki.

Abin da mutumin layi bai gaya maka ba shi ne juyin da ke biyo baya. Wajen kwana na 5 zuwa na 10, lokacin an riga an sallame ku kun koma Jega, jiki yakan saki sinadarin fiye da kima. Ƙoda ta riƙe ruwa, sodiyam ya faɗi, mutum ya fara tashin zuciya da ciwon kai da kasala, in ya yi tsanani ya ruɗe ko ya yi farfaɗiya. Wannan yana cikin manyan dalilan da ke mayar da masu irin wannan aiki gadon asibiti. Shi ya sa za ka iya jin likitan da ya ce a sha a makon farko ya dawo ya ce a taƙaita zuwa lita ɗaya ko ɗaya da rabi a mako na biyu. Ba saɓani ba ne. Kafin ku baro asibiti ka tambaya a rubuta maka adadin da zai sha a yini, da ranar da za a auna sodiyam, da inda za a auna a kusa da ku, ko a Birnin Kebbi. In an ba shi haidurokotizon, maganin da ke maye gurbin wani sinadarin da jiki kan rasa bayan wannan aiki, kada ya tsallake. Kuma in ruwa garai-garai ya riƙa ɗiga daga hancinsa, musamman in ya sunkuya, kada ya fyace, ku koma a ranar.